Ƙwaya Goma Sha Biyar, Ƙuri'a Talatin

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, komai ya yi tsada a Maraɗi in ban da magana. Jam'iyyu sun yi yawa har an rasa launin tuta, ma'aikata yau suna aiki gobe suna yaji, kuma duk mutum ukun da suka zauna a inuwa ɗaya sai sun kafa ƙungiya: ɗaya shugaba, ɗaya mataimaki, na ukun ya shiga adawa. A wannan zamani ne Idirisa na Sabon Gari ya ga cewa lokacinsa ya yi.

Idirisa ya yi shekara goma sha ɗaya yana gadin ƙofar wani kantin magani, har ranar da ciniki ya mutu aka sallame shi. Abin da ya fito da shi bai wuce wata farar rigar ma'aikata da aka yar saboda aljihunta ya yage ba, sai sunayen magunguna shida da yake faɗa da Faransanci har da murɗa baki. Da waɗannan ya naɗa wa kansa suna Lokotoro, wato likita. Mutanen unguwa suka karɓa hannu bibbiyu, don sun sami abin dariya a teburin mai shayi. Ko tari ka yi kusa da shi sai ya cafke wuyan hannunka yana duban agogonsa, agogon kuwa ya tsaya tun zamanin soja.

Ana nan sai masu awon hatsi da 'yan lambu suka kafa ƙungiya don buɗe 'yar rumfar magani mai rahusa. Mambobi arba'in da ɗaya ne, daga Sabon Gari da Tsibiri da Jiratawa. Aka ce wani proje na masu ba da tallafi zai bai wa shugaban ƙungiyar babur sabo fil. Aka sa zaɓe ranar Asabar, irin na layi, kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Abokin takarar Idirisa shi ne Maman Lawali, wani mai awon gero da ba ya son hayaniya, wanda ya riga ya bi gida-gida da goro da sabulu. Shi kuwa Lokotoro ba goro, ba sabulu, sai baki.

A satin ne haƙori ya kama matarsa Ramatu, mai tuyar ƙosai a bakin hanya. Haƙorin sama ne na gefe, wanda ake gani in ta yi dariya, ita kuwa mace ce mai yawan dariya. Kafin Litinin kuncinta ya haye har ido ya fara ƙanƙancewa. Suka tafi asibitin unguwa wajen Majo Balkisu, shugabar ma'aikatan wurin, wadda ba ta ɗaukar wargi.

Majo ta duba baki ta ce, "Mugunya ce ta taru a gindin haƙori. Ramatu, an taɓa ba ki fenisilin, ƙwaya ko allura, ya yi miki ƙuraje ko kumburi?"

"A'a, Majo."

"To madalla. Zan rubuta miki magani mai haɗi biyu cikin ƙwaya guda. Ɗaya shi ka kashe ƙwayoyin cuta. Ɗayan aikinshi tsare na farkon, don akwai cututtukan da sunka koyi karya shi."

Idirisa ya gyara farar riga ya ce, "Ƙawance ke nan, kamar na jam'iyyu. Ai mun daɗe da sanin wanga a farmasi."

Majo ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ci gaba: "Sau uku a rana, kwana bakwai. Ki riƙa sha da fara cin abinci, kar ki sha ciki wayam. Ko kin ji sauƙi gobe, sai kin ƙare shi tas, kuma ba a ba kowa ko rabi. In kin yi haka muna iya ceton haƙorin ba tare da wuƙa ba. In kinka yanke a hanya, ciwon ya dawo da ƙarfinshi."

Da jin wuƙa Ramatu ta dafe ƙirji. A duniya ba abin da take tsoro kamar a yanka ta. Da suka je farmasi suka tarar kuɗin maganin ya ninka, ba ta yi gardama ba, ta kai akuyarta kasuwa ta dawo da kwali ɗaya mai ƙwaya ashirin da ɗaya.

Litinin da Talata ta sha shida a kan ƙa'ida. Ranar Laraba da safe kumburi ya saɓe, har ta yi dariya da masu sayen ƙosai. Idirisa ya dubi kuncinta, ya dubi kwalin da ke kan kwalla, ya yi lissafi da yatsu. Saura goma sha biyar. In aka raba kowace biyu, talatin ke nan, talatin kuwa cikin arba'in da ɗaya ai ko makaho ya san an ci zaɓe.

Ya jira ta koma bakin kasko, ya kifa turmi, ya ɗauko reza ya shiga aiki. Ƙwayoyin na da tauri. Ta uku ta yi tsalle, rabi ya faɗi ƙasa, kazar gidan ta yi wuf ta haɗiye. Ya bi ta da gudu har bayan rumbu, ta haye katanga tana kyarkyara. Ya tsaya yana haki ya ce mata, "To kin ci. Ranar Asabar in ban gan ki a layi ba, tukunya!" Ya ƙulle sauran ɗaya-ɗaya cikin takardar buhun siminti, ya hau kabu-kabu sai Tsibiri.

A Tsibiri mambobi suka taru a ƙarƙashin wani gawo. Idirisa ya hau kan kututture ya buɗe hannuwa.

"'Yan'uwa! Maman Lawali ya ba ku sabulu. Sabulu bayan jiki yake wankewa. Ni na zo muku da mai wanke ciki, magani biyu cikin guda, irin wanda alhazai ka sha a ɓoye. A dimokuraɗiyya mutum ɗaya ba ya cinye kwali shi kaɗai!"

Wani dattijo ya ɗaga sanda. "Maganin mi na?"

"Mi ka damunka, Baba?"

"Gwiwa."

"Shi ne."

"Ni kau mura," in ji wani.

"Shi ne."

"Ni mantuwa ta yi mini yawa."

"Shi ne, in ka tuna ka sha."

Dattijon ya kwance takardarsa ya jujjuya abin a tafin hannu. "To don mi rabi?"

"Baba, ba ka jin rediyo? Sefa ma an raba ta biyu, balle ƙwaya."

A nan ne Sha'ibu maroƙi, wanda Idirisa ya ɗauka don ya yi masa kirari ranar zaɓe, ya ja shi gefe. "Ranka ya daɗe, ni hwa an taɓa yi mini allurar fenisilin, jikina duk ya yi ruɗu-ruɗu. Sunka ce kar in ƙara kusantar ko danginshi."

Idirisa ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. "Wancan fenisilin na jam'iyya ɗaya ne, ya wuce. Wanga yana tafe da mai tsaronshi. Ka sha ka ji yadda murya za ta buɗe."

Sha'ibu ya soke nasa a naɗin hula, ya ce sai ranar Asabar, don kada ƙarfin ya ƙare kafin aiki.

Da Idirisa ya dawo gida da la'asar ya tarar da Ramatu ta birkice ɗaki, kwali fanko a hannunta.

"Malam, ina maganina?"

"Wane? Au! Ɓera ne. Na daɗe ina faɗi gidan ga ɓeraye sun yi yawa."

"Ɓeran da ya iya buɗe kwali, ya kwashe, ya mayar da murfi?"

"Ke ba ki san ɓeran zamani ba. Kuma ai kin warke, dubi kuncinki. Sauran kwana biyar ɗin ƙari ne kawai, 'yan farmasi ka sa shi don ciniki. Ni da na zauna cikinsu na sani."

"A ƙofa ka zauna, Malam," in ji Ramatu. Ba ta da wata akuyar da za ta sayar, sai ta ɗaura ɗankwali a haɓa.

Ranar Alhamis Idirisa ya nufi Jiratawa, wajen 'yan lambu. Shugabansu Tanimu ne, wani ƙato mai lambun zogale, kuma ƙannensa huɗu duk mambobi ne. Lambun na hayin magudanar ban-ruwa, an gitta itace guda ana takawa. Tanimu ya ce masa ya zagaya ta gada. Idirisa ya ce wanda zai riƙe ƙungiya ba ya tsoron itace. Taku uku ya yi, na huɗu ya same shi cikin ruwa har wuya, hannu ɗaya a sama riƙe da ƙullin magani yana ihu, "Ku ceci ƙuri'u! Ku bar ni, ku ceci ƙuri'u!"

Suka tsamo shi. Farar riga ta koma kalar kunun kanwa, takalmi ɗaya ya tafi ban-ruwan tumatir. Duk da haka ya yi jawabinsa yana ɗiga. Tanimu ya karɓi rabi biyar, nasa da na ƙannensa, ya ce shi zai raba musu.

"Lokotoro, yana sa ƙarhi?"

"Ƙarhi? Ka sha ka ɗaga jaki da kayanshi."

"To sai Asabar, don ni zan ɗauke ka a kafaɗa in an ci. Da mi aka shan shi?"

"Da sassafe, kafin ka karya," in ji Idirisa, "kar abinci ya tare mashi hanya."

Ranar Juma'a ba a ji ƙamshin ƙosai a bakin hanya ba. Ramatu na kwance da zazzaɓi, kumburin ya dawo ya fi na da. Idirisa ya leƙa ɗaki, abin ya dame shi, don a zahiri yana son matarsa. Ya taɓa aljihu, saura rabi tara na mutanen Sabon Gari. Ya tsaya kamar zai fito da su, sai babur ya gifta masa a rai, ja, mai madubi biyu.

"Ki yi haƙuri zuwa gobe," ya ce mata. "Ina hawa kujera rumfar magani duk tawa ce. Kwali goma zan aiko miki."

Ya fita ya raba taran. Ta ƙarshe ya miƙa wa Inna Atika, tsohuwar da ke awon wake, maƙwabciyarsu katanga ɗaya. Inna Atika ba ta shan abin da ba ta sani ba. Washegari da safe ta shiga duba Ramatu, ta kwance bakin zane ta nuna mata. "Ɗiyata, dubi abin da mijinki ya ba ni wai na zaɓe. Kin san ko na mine ne?"

Ramatu ta dubi rabin ƙwayar. Ta miƙe tana dafa bango ta ɗauki mayafi.

A ƙofar ofishin ƙungiya, ƙarƙashin dogon yaro, an cika maƙil. An gayyato Majo Balkisu ta zama shaida, tana zaune a kujera da jakar aikinta a cinya. Idirisa ya iso cikin rigarsa da aka wanke ba ta fita ba, Sha'ibu a gaba. Tun a hanya maroƙin ya haɗiye rabinsa da ruwan randa. Ya toshe kunne ɗaya ya ɓarke da kirari:

"Idi na Ramatu, gagara-cuta! Ciwo ya gan ka ya manta takalmi! Lokotoron da bai shiga lakwal ba, makaranta ta biyo shi gida!"

Mata suka yi guɗa, Idirisa ya riƙa ɗaga hannu hagu da dama. Sha'ibu ya sosa wuya ya ci gaba. Ya sosa ƙirji. Ya ajiye kirari ya sosa baya da hannu biyu, har wasu suka zaci sabuwar rawa ce suka fara tafi. Can sai leɓunansa suka fara hayewa, "gagara-cuta" ta koma "gaba-buta", mutane suka kwashe da dariya. Dariyar ba ta daɗe ba, don numfashinsa ya soma fita da shaƙa, ya durƙusa yana nuna maƙogwaro.

Majo ta ture kujera ta iso kansa. "Mi ya sha?"

"Ba komai ba ne," in ji Idirisa. "Alama ce maganin yana aiki."

"Na ce mi ya sha!"

Dattijon Tsibiri ya miƙo nasa rabin. Majo ta duba sau ɗaya ta gane. Ta buɗe jaka ta zuƙi allura ta soka wa Sha'ibu a cinya ta cikin wando, ta sa aka kwantar da shi a inuwa ana yi masa fifita. Sai da numfashinsa ya fara daidaita ta ɗago kai.

"Sha'ibu, ba a taɓa hana ka fenisilin ba?"

Da ƙyar ya ce, "An hana. Lokotoro ya ce wanga yana da mai tsaro."

"Mai tsaron maganin yake tsarewa, ba kai ba! Da ba ni kusa, da yanzu wani zance aka yi." Ta sa mutum biyu suka kai shi asibiti a ci gaba da dubansa, sannan ta juyo ga taron. "Wa da wa aka ba abin ga?"

Hannuwa suka tashi kamar ana rantsuwa. Wanda ya sha don mura ya ce shi har yanzu hancinsa na zuba.

"Zai zuba," in ji Majo. "Mura ba ruwanta da wanga magani. Rabin ƙwaya kuma ba ya warkar da kowa, sai dai ya koya wa cuta yadda za ta gagare shi gobe."

Idirisa ya ga abin na neman lalacewa, ya ɗaga murya. "Makircin 'yan adawa ne! A yi layi! Tanimu, zo ka tsaya bayana!"

Tanimu ya taho, amma tafiyar ba irin ta mai ɗaga jaki ba ce. Ya haɗa gumi, hannu ɗaya a mara. Ashe bai raba wa kowa ba, rabi biyar ɗin ya watsa a baki tun da asuba, ciki ba ko kunu. Ya tsaya bayan ɗan takararsa, cikinsa ya yi wata ƙara da har na layin Maman Lawali suka waiwayo.

"Lokotoro," ya ce a hankali, "ƙarhin ta ƙasa yake son hita."

"Daure, yanzu za a ƙirga."

"Ba ya jiran ƙirga."

Ya fizgi butar mai gadin ofis ya ranta a na kare. Ƙannensa huɗu suka rufa masa baya, ba don tausayi ba, suna tambayar ina rabonsu. Daga nan layin ya watse. Masu sauran rabi a aljihu suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna zubarwa a gaban Idirisa, suna wucewa bayan Maman Lawali, wanda tun da aka fara yake taunar goronsa.

Mai ƙirga ya bi dogon layi ya gama, ya dawo wajen Idirisa ya leƙa bayansa. "Idirisa, mutum ɗaya."

Idirisa ya ji daɗi har ransa. Ashe akwai mai amana a duniya. Ya juya don ya yi godiya, sai ya yi ido huɗu da Ramatu, ko kuma ido uku, don ɗayan nata kumburi ya rufe shi. Inna Atika na riƙe da ita.

"Cire ni daga lissafi," Ramatu ta ce wa mai ƙirga, maganar na fita ta gefen baki. "Ba zaɓe na zo ba. Ɓera na biyo, ga shi kuma na kama."

Wurin ya ɗauki dariya har da masu riƙe ciki. Idirisa ya durƙusa yana tsince rabin ƙwayoyi daga cikin rairayi, yana hure su yana gogewa da rigarsa. "Ga su nan, Ramatu, ba su ƙare ba. Sha ɗaya, sha biyu… in an haɗa su sun kai kwana biyu."

Majo ta taɓa goshin Ramatu, ta danna kuncin a hankali, fuskarta ta canza. "Zubar da su, Malam Idi. Abin ya wuce ƙwaya. Ku tashi, babban asibiti za mu yanzu."

Ramatu ta riƙe hannun Majo. "Majo, wuƙa?"

Majo ta ce, "Wuƙa."

Idirisa ya zauna a benci a ƙofar ɗakin da aka shiga da ita. Ya ji lokacin da ta kira sunan uwarta. Wani mai jinya da ya ga farar riga ya matso ya ce, "Lokotoro, don Allah duba mini takardar ga." Idirisa ya ce shi ba lokotoro ba ne, ya tuɓe rigar ya naɗe ya zauna a kanta. Kunya da tausayi suka cika shi.

An fitar da mugunya, an kuma cire haƙorin, don ba sauran abin ceto. Ramatu ta kwana uku ana yi mata allura, aka sallame ta da sabon kwali. Wannan karon a bakin zanenta yake kwana, ta shanye shi tas, kowace ƙwaya da lomar tuwo ko kofin kunu. Sha'ibu ya warke, ya koma yi wa Maman Lawali kirari a bayan jan babur.

Hali kuwa zanen dutse ne. Ba a yi wata biyu ba Idirisa ya dawo teburin mai shayi da ke daura da kaskon ƙosai, in wani ya yi tari sai ka ji ya gyara murya: "Ai lokacin da nike farmasi…" Ramatu ba ta taɓa katse shi ba, ba ta kuma taɓa yi masa gori ba. Ɗagowa kawai take yi daga kan kasko, ta dube shi, ta yi masa murmushi har giɓin ya bayyana. Sai ya sunkuyar da kai ya ce wa mai tarin, "Ka je ka ga Majo."